Ƙauyen da Na Zana Babu Mutane

Ƙanshin citta ne ya tarye ni tun kafin in hango rufin gida ko ɗaya. Ba irin na busasshiya ba, wadda muka saba da ita a buhu a kasuwar Kafanchan. Wannan ɗanya ce, yanzu aka tsaga ta, ƙanshinta yana bi ta hanci ya sauka maƙogwaro har idanu su kawo ruwa. Har yau idan na tsaga citta a kicin, yatsun hannuna na dama sukan ɗan yi sanyi.

Shekarata goma sha tara a lokacin. Na gama sakandare, ina jiran a kira ni gwajin shiga sashen zane a jami'a. Ƙanwar mahaifiyata, wadda muke ce wa Anti, tana koyarwa a wata firamare a gefen Kwoi, sai na tafi wurinta in yi mako biyu a lokacin kaka, daidai ana haƙar citta. Na tafi da kaya kala uku da fensira huɗu da littafina mai baƙin bango. Shekara biyu ina cika littafin nan. Akwai tsofaffin taragon jirgi na tashar Kafanchan da ciyawa ta tsiro a cikinsu, akwai rumbuna, akwai duwatsun Kagoro yadda suke fitowa bayan ruwa ya ɗauke. Shi zan ajiye a gaban malaman jami'a ranar gwaji. Ba ni da wani abin nunawa bayan shi.

Malamin da ya koya mini zane ɗan gidan ma'aikatan jirgin ƙasa ne, iyayensa daga kudu suka zo, shi kuwa a Kafanchan aka haife shi. Ba ya yarda a yi zane daga hoto. Yakan ce a fita waje a zauna, rana ta ƙona ƙeya. Da yake haske ba ya jiran kowa, ya koya mana mu riƙa barin wa kanmu alamu a takarda, don mu ƙarasa aikin a gida. A ƙirga rufin gidaje a rubuta adadin a gefe. A rubuta ƙarfe nawa ne. A ja kibiya ta nuna inda haske yake bi. Inda inuwa za ta fi duhu kuma a sa ɗan gicciye, irin wanda malami yake sa wa amsar da ba daidai ba. Wajen awo, sai ka miƙe hannu da fensir, ka rufe ido ɗaya, ka gwada tsawon abin da ke gabanka da babban yatsa.

Abu ɗaya ne ban taɓa koyo ba. Ina tsoron fuska. Mutane suna motsi, kuma suna kallon mai kallonsu. A cikin littafin nan gaba ɗaya babu mutum ko guda.

Ran nan da safe Anti ta tafi makaranta, ni kuma na bi wata 'yar hanya ta cikin gonaki, na yi tafiyar kusan minti arba'in. A bakin wani ƙauye na tarar da mata zaune a gindin mangwaro, kowace da wuƙa da tulin citta, suna tsagawa suna shanyawa a kan falalen dutse. Na san ya kamata in tsaya in gaishe su. Amma na san abin da zai biyo baya: 'yar gidan wa ce, me ke cikin jakar, zo ki zauna. Kunya ta kama ni, ga hasken da nake so yana wucewa. Sai na sunkuyar da kai, na zagaye ta bayan wata gonar dawa, na hau wani dutse da ke kallon ƙauyen daga sama.

Daga can komai ya kwanta a gabana. Rufin kwano da na ciyawa, 'yar coci mai farin bango, rumbuna a jere, citta a shanye tana ɗaukar ido kamar an baza sabon ƙarfe. Abin da ya fi ɗauke mini hankali wata siririyar hanya ce da ta fita ta bayan gidaje, ta ratsa tsakanin duwatsu biyu, ta gangara kwari ta ɓace a cikin itatuwa. Daga ƙasa ba za a gan ta ba. Na ji daɗi ƙwarai da na gano ta, kamar ni aka ajiye wa.

Na ƙirga rufi, goma sha bakwai, na rubuta. Na rubuta tara da minti arba'in. Hasken yana zubowa ne ta wannan 'yar hanyar, don haka kibiyata a kanta ta kwanta, bakinta yana kallon gidaje. Gidaje uku suna ƙarƙashin manyan itatuwa, na sa musu gicciye. Na cika shafi ɗaya, na juya na fara na biyu, ina miƙa hannu, ina rufe ido, ina awo. A raina ina neman sunan kalar rufin cocin, ja ne da ya gaji da zama ja.

Ban san lokacin da ƙarar wuƙaƙen matan ta tsaya ba. Na dai ɗago na ji wurin ya yi tsit. Sai aka busa usur sau biyu daga wajen gonaki.

Su biyar suka hau dutsen, ba ta hanya ɗaya ba. Daga gona suke, ƙafafunsu duk jar ƙasa, biyu suna riƙe da adda. Na gaba magidanci ne mai ɗan furfura a gemu, da usur a wuyansa. Daga baya na fahimci shi ne shugaban masu gadin ƙauyen.

"Sista, sannu da aiki," ya ce.

"Yauwa, Baba, sannunku. Ina kwana?"

"Lafiya. Me kana rubutawa?"

Hausarsa irin ta wajenmu ce, wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba. Na ce zane nake yi. Ya miƙo hannu, ban ga hanyar hanawa ba, na ba shi littafin. Ya daɗe a kan shafin farko. Sauran suka leƙo ta kafaɗarsa. Wani saurayi mai jar riga ta 'yan ƙwallo ya ɗora yatsa a gefen takardar, ya karanta da ƙarfi.

"Sha bakwai. Oga, ya ƙirga mu."

Magidancin ya yi mini magana da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Mahaifiyata 'yar Fadan Kaje ce, amma a gidanmu Hausa da Turanci muka tashi da su, ko yaren uwata gaisuwa kawai na iya. Na ba shi amsa da Hausar da nake alfahari da ita, ta littattafai, mai cikakkun gaɓoɓi. Ina magana ina ganin yadda take ƙara nisanta ni da su.

"Sauko ƙasa," ya ce.

Suka sa ni a tsakiya muka gangara. Sau biyu na kusa zamewa, ba wanda ya taɓa ni. A gindin mangwaron mutane sun ƙaru. Akwai murhu a gefe da tukunya a kai, wuta tana ci. Na ciro wayata na kira Anti, a kashe, tana aji. Na faɗi sunanta da sunan makarantar. Wata mata ta ce ta san malamar, amma ba ta san tana da 'ya kamar wannan ba. Na faɗi cocinmu a Kafanchan.

"Coci?" in ji mai jar riga. "Wanda ya nuna hanya a ƙauyen bayan dutse bara, ba a ƙungiyar mawaƙa yake ba?"

Na taɓa jin labarin harin da aka kai ƙauyen bayan dutse, kamar yadda ake jin irin waɗannan labarai a gari, ana cin abinci, a ce Allah ya kiyaye, a ci gaba. Ban taɓa tambayar nisansa da inda Anti take ba.

Magidancin ya buɗe littafin a gabana, yana bin alamun ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan lamba?"

"Yawan rufi ne, Baba, don kada in manta."

"Wannan lokaci?"

"Saboda haske. Rana tana juyawa."

"Tara da arba'in. Lokacin da maza duka yana gona." Ya matsar da yatsa. "Wannan gida da ka kashe, gidan fasto ne. Wannan na mai unguwa. Wannan nawa."

"Inuwa ce," na ce. "Itatuwa ne suka rufe su, shi ya sa."

"Manyan gida ne ke da manyan itace, Sista. Kowa ya sani." Sai ya zo kan kibiyar. A nan bai tambaye ni komai ba. Ya juya littafin ya nuna wa mutane, wata mata ta ɗora hannu biyu a ka.

"A sa shi wuta," in ji mai jar riga. "Duka littafin. Wa ya san garin wa da wa ke ciki? Bayan nan mu ji wanda ya aiko shi."

Wasu suka ce haka ne. Magidancin ya dubi murhun. Na buɗe baki in ce shekara biyu, in ce jami'a, in ce taragon jirgi ba su yi wa kowa laifi ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Don Allah."

Duk wannan abin da ake yi, wuƙa ɗaya ba ta tsaya ba. Wata tsohuwa ce a kan 'yar kujera, jingine da gindin mangwaron, ƙanƙanuwa, da ɗankwalin zumuntar matan coci da ya koɗe. Tana ɗaukar citta daga kwando, ta tsaga, ta jefa a tire, ba ta ko duban hannunta. Fuskarta tana sama kaɗan, kamar mai sauraron wa'azi. Ta yi magana, ba da ƙarfi ba, aka yi shiru.

"Me ya zana?"

"Garinmu, Mama," in ji magidancin. "Da coci, da rumbu, da hanyar baya."

"Mutum nawa a ciki?"

Ya sake duba shafin, ya juya na biyun.

"Babu ko ɗaya, Mama."

Na kalli zanena daga inda nake tsaye, a hannun wani, na ga abin da suke gani. Ƙofofi a buɗe. Citta a shanye babu mai tsaro. Turmi a tsakar gida babu mai daka. Ni na bar su haka don ban iya zana mutum ba. Su kuwa sun san yadda ƙauye yake zama idan ya yi haka.

"Yarinya," tsohuwar ta ce, "zo nan."

Na je na durƙusa.

"Kai ne ka wuce mu da safe. Na ji takalminka, ƙwas ƙwas, ka bi bayan dawa kamar akuya da ya ci wake. Ba a gaisuwa a gidanku?"

"Ana yi, Mama. Ki yi haƙuri. Kunya ce."

"Kunya." Ta jefa citta a tire. "To ga shi kunya ya tara maka mutane." Ta juya wajen magidancin. "Ba shi littafin. In mai zane ne, ya zana ni. In ba mai zane ba ne, wuta ba ya gudu."

"Mama, wannan ba maganar wasa ba."

"Na ce wasa ne? Ni na yi maka wanka ranar da aka haife ka. Ba shi."

Ya miƙo mini, amma bai matsa daga bayana ba. Na zauna a ƙasa, na buɗe sabon shafi. Ban gaya wa kowa cewa ban taɓa zana fuska ba. Na miƙe hannu, na rufe ido ɗaya don in auna tsawon kanta.

"Ga shi nan!" mai jar riga ya yi ihu. "Haka ya yi wa gidan fasto! Kamar mai saita bindiga!"

Hannuna ya tsaya a sama.

"Kai, rufe baki," in ji tsohuwar. "In ya harbe ni da fensir, ku binne ni kusa da mijina. Yarinya, ci gaba. Ka rage mini shekara ashirin, ka mayar mini da haƙori biyu na gaba."

Wata mata mai goyo, surukarta, ta gyara mata ɗankwali tana cewa, "Mama, zauna daidai mana, hoto ake yi."

"Bar ni. Kishi kana yi, ba wanda ya taɓa zana ka."

Aka ɗan yi dariya, gajeriya, ta mutu nan da nan. Na fara da hannuwanta, don su ne suka fi kama da abin da na sani. Gaɓoɓin yatsunta sun kumbura sun karkace, kusan ba a raba su da cittar da suke riƙe da ita. Na zana wuƙar, na zana kwandon. Ina jin numfashin magidancin a saman kaina, ina jin itace yana fashewa a murhu. Da hannuwa suka ƙare, babu sauran wurin ɓuya, sai na hau fuska.

Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Idanunta suna can bisa kafaɗata, wajen dutsen da na sauko daga kai. Na ɗauka dattako ne, irin na tsofaffin da ba sa ƙura wa yaro ido. Hakan ya taimake ni. Na bi layin goshinta, da ramin kumatunta, da wani ɗan tabo a gefen hanci. Na goge, na sake. Takardar ta fara yin baƙi wurin ido na hagu saboda yawan gogewa.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na san dai inuwar mangwaron ta janye daga ƙafafuna. Da na tsaya, na san aikin bai yi kyau ba. Ido ɗaya ya fi ɗaya tsawo, bakin ya karkace, ta fi kama da wani tsoho mai fushi. Hannuwan ne kawai nata.

Na miƙa mata da hannu biyu. Ta goge tafinta a cinya, ta karɓa, ta ɗaga littafin gaban fuskarta. Ta bi takardar da babban yatsa a hankali, daga sama har ƙasa, ta bar rawayen tabo a kan kumatun. Kowa ya zuba mata ido.

"Ni ne," ta ce. "Ni ne sak. Har kyau na ya fito. Duk wanda ya ce ba ni ba ne, idonsa ba shi da lafiya."

Matan ne suka fara fashewa da dariya. Surukar ta dafa itace tana dariya har goyonta ya farka. Ɗaya daga cikin masu adda ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ban gane abin da ya kai dariyar haka ba. Na ɗauka munin zanen ne, na sunkuyar da kai.

Magidancin bai yi dariya ba. Ya karɓi littafin, ya dubi zanen, ya dubi tsohuwar, ya daɗe yana dubanta.

"Mama, ka tabbata?"

"Na faɗa a gaban mutane."

Ya buɗe shafukan baya ɗaya bayan ɗaya, taragon jirgi, rumbuna, duwatsu. Ya dawo kan biyun da na yi da safe, ya kama su ya yage daga tushe, ya je ya cusa su ƙarƙashin tukunya. Na ga rufin cocin ya naɗe ya yi baƙi. Mai jar riga ya fara wata magana, magidancin ya ɗaga masa hannu.

"Nawa kuma a ba ni," in ji tsohuwar. "Ba zan bar shi ya tafi da kyau na Kafanchan ba."

Ni da kaina na yage mata shafin. Ta ninke shi biyu ta tura cikin riga. Magidancin ya miƙo mini littafin, ya yi sauƙi a hannu kamar an cire fiye da shafi uku.

"Gobe in ka shiga garin mutane, ka gaisa," ya ce. "Ka zauna inda ana ganinka."

Surukar ce ta raka ni har bakin babbar hanya. Mun yi nisa kafin ta yi magana. Ta ce wannan 'yar hanyar ta bayan gidaje ba a nuna wa baƙo. Bara da aka shiga ƙauyen bayan dutse, ta nan ita da mutanen garinsu suka bi da yara suka sauka kwari, suka yi kwana uku a can. Magidancin nan shi ya goya Mama a bayansa tun daga ƙofar gida har ƙasa. Ta faɗi haka ba tare da ta dube ni ba, ta tsayar mini da mai mashin, ta juya.

Anti ta yi mini faɗan da ba ta taɓa yi ba, tana yi tana kuka. Ranar Lahadi ta je ƙauyen ita kaɗai da sabulu da gishiri, ta yi godiya. Ni ban iya komawa ba. Na koma Kafanchan kafin mako biyun su cika. A wurin gwaji wani malami ya ga guntayen takarda a tsakiyar littafin, ya tambaye ni me ya faru da shafukan. Na ce na bayar. Sun ɗauke ni. Na daina sa gicciye a zane tun daga ranar, inuwa da yatsa nake shafa ta a wurin, ko da haske zai wuce.

Bayan shekara shida, ina sayen kayan miya a kasuwar Kafanchan, wata mai citta ta riƙe mini hannu.

"Ba kai ne mai zane ba?"

Surukar ce. Goyon nan har ya shiga makaranta. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, na tambayi Mama. Ta ce Mama ta huta da damina biyu da suka wuce, cikin barcinta na rana, ba ciwo. Ta ce takardar tana nan, Mama ta sa an liƙa ta a bango kusa da kalandar coci, duk baƙon da ya shigo sai ta ce a nuna masa.

Na ce mata har yau ina jin kunyar zanen nan, don bai yi kama da ita ba ko kaɗan, ban san abin da ta gani a ciki ba.

Ta saki mudun da ke hannunta, ta yi irin dariyar da ta yi a gindin mangwaro.

"Gani? Sista, Mama ba ya gani. Yanar ido ne ya rufe idonsa duka biyu tun kafin a kawo ni gidan. Duk garin an sani."